Kwalbar Ume a Ƙofar Gidan Rawa

Ku da kuke bina a shafin nan, ku yi mini afuwa, na kwana biyu ban leƙo ba. Ba rashin abin faɗa ba ne. Gajiya ce kawai, irin wadda barci ba ya maganinta. Ga wanda yau ya fara cin karo da ni, sunana Chinatsu, shekarata ashirin da tara, ina zaman tebur a wani ƙaramin asibitin haƙori a garinmu, kuma daga ni sai mahaifiyata a gida tun rasuwar Baba. Akwai mai nemana da aure, sunansa Tatsuro, Gwaggo Sumie ce ta haɗa mu. An sa ranar Lahadi iyayensa za su zauna cin abinci da mu, zaman da daga shi sai maganar biki. Labarin jajibirin zaman zan ba ku yau.

Kada ku ɗauka wai ba na son Tatsuro. Ina son sa, so mai sanyi wanda ni kaina ban san lokacin da ya shige ni ba. A ƙungiyar manoman shayi yake aiki, kuma bai iya kalaman soyayya ba ko na sisin kwabo. Saƙonsa na safe kullum iri ɗaya ne: "Barka da asuba. An ce za a yi ruwa da yamma, ki tafi da lema." Wata rana na ce masa, har da "san" ɗin girmamawa a bayan sunansa, "Tatsuro-san, ni kake nema ko hukumar yanayi?" Sai da ya yi tunani sosai kafin ya ce, "Ke." Har kunnuwansa suka yi ja. Mutum ne da idan ya ce zai zo, zai zo.

Matsalar ba shi ba ne. Matsalar ita ce ina da yaya.

Ranar Juma'a da na dawo aiki na tarar da Mama da Gwaggo Sumie sun baje kaya a kan tabarmar falo. Riga shuɗiya mai duhu mai dogon hannu, siket har ƙasan gwiwa, sarƙar lu'ulu'un Mama ta aurenta, da takalmi maras tsini wai kada in fi Tatsuro tsawo. Gwaggo tana zaune ta cusa ƙafafu ƙarƙashin teburin ɗumi tana ɓare lemo, tana ba da umarni.

"Zo nan, 'yar nan. Gwada wannan. Kuma ki bar ɗaure fuskar nan, kamar wadda aka aiko karɓar gawa."

"Na gaji ne, Gwaggo."

"Kowa ma ya gaji. Saurara. Uwar yaron ta sake tambayata ko yayarki za ta samu zuwa. Na ce mata ai Kanada ba bayan gida ba ce."

Mama ba ta ɗago ba, guga take yi wa rigar da ta riga ta goge. Ta ce, "Idan sun tambaye ki, aiki take a kamfanin yawon buɗe ido. Ba ta samun hutu a kaka. Shi ke nan, kada ki ƙara komai."

"Wane gari zan ce? Bara kin faɗa wa mai wankin gashi wani garin, kin faɗa wa maƙwabta wani."

"Chinatsu."

"Tambaya kawai na yi, Mama. Kada mu je mu yi ta karo da juna a gaban mutane."

Gwaggo ta nuna ni da ɓawon lemo. "Bakin nan naki shi ya kai ki ashirin da tara a gida. Mutanen nan masu gonar shayi ne tun kakanni, sunansu shi ne jarinsu. Ki bari a ɗaura tukuna. Bayan nan ko a duniyar wata kika ce yayarki take, ba ruwana."

Yayata Michiru ba ta taɓa taka Kanada ba. Rawa take yi a gidajen rawar tuɓe kaya, da sunan Ruri. Tun tana ƙarama rawa ce rayuwarta, ta tafi birni neman shiga manyan ƙungiyoyi, ba a ɗauke ta ba, ta ƙare inda ta ƙare, kuma da bakinta ta zo ta faɗa wa Mama. Ranar Mama ta kwashe hotunanta daga falo. Yaya kuma ta daina amsa wayata, sai dai duk sabuwar shekara ta turo mini hoton kyanwa tana gaisuwa, ba ko kalma ɗaya. Na san don ta kare ni take yi. Sanin bai rage mini zafin ba.

To ta ina nake jin labarinta? A nan ne za ku yi mini dariya. Akwai shafin da masu zuwa irin gidajen nan suke rubuta ra'ayinsu su ba da taurari, kamar yadda ake yi wa gidan abinci. 'Yan rawar ba sa zama wuri ɗaya, duk kwana goma sai su naɗe kaya su koma wani gari, ni kuma ina bin ta a shafin gari-gari. A bayan teburin asibiti, tsakanin mai ciwon haƙori da mai ciwon haƙori, abin da nake karantawa ke nan. Da likitanmu zai leƙa wayata da ya nemi wata ma'aikaciyar.

Shekarun da na yi ina wannan karatu sun mayar da ni gwana, har na iya tsince tsakuwa daga shinkafa. Mai taurari biyar da ya rubuta "Aljanna ce! Na mutu!" bai gaya maka komai ba, ya dai gaya maka ya sha giya. Mai tauraro ɗaya da ke zage-zage, yawanci hannu ya kai inda ba a kaiwa aka fitar da shi waje. Masu ƙazamin baki kuwa, na koyi tsallake su da ido ɗaya a rufe, ko da yake wani lokacin kalma takan maƙale mini ta hana ni cin abincin rana. Wanda ke da amfani shi ne mai taurari uku ko huɗu da ya faɗi ranar da ya je, kujerar da ya zauna, abin da ya gani da idonsa, ya kuma faɗi abin da bai yi masa daɗi ba ba tare da cin mutunci ba. Idan mutum ya yarda ya ce matakalar gidan tana da santsi, sai in yarda da shi in ya ce rawar ta yi kyau.

A cikinsu akwai wani mai kiran kansa Tsohuwar Lema. Ban san shi ba, ban ma san ko namiji ne ko mace ba. Shi ba ya siffanta jikin kowa. Zai gaya maka na'urar ɗumama ɗaki ta lalace, ka zo da rigar sanyi. Zai ce mace in ta zo ita kaɗai ta shigo wasan rana, ta zauna hagu kusa da ginshiƙi, mabuɗin banɗakin mata yana wurin mai tikiti. Zai faɗi waƙar da aka yi rawa da ita da launin kayan da aka fara fitowa da su. Ta bakinsa na san lokacin da Yaya ta yanke gashi, da lokacin da ta yi mura ta hau dandamali a haka.

Da yammacin Juma'ar nan, ina tsaye a ɗakina da rigar shuɗiya a jikina, fil ɗin da Mama ta kama rigar da shi yana sukana a ƙugu, na buɗe shafin. Tsohuwar Lema ya rubuta sabo, daga wani garin ruwan zafi, irin mai maɓuɓɓugar da ake zuwa wanka, da bai fi tafiyar rabin yini daga gare mu ba.

"Taurari huɗu. An gyara fitilar tsakiya. Ruri ta canza ƙarshen rawarta, yanzu a zaune take gamawa. Ƙafar hagu ba ta ɗora mata nauyi. Bayan an kashe fitila na ji takun mutum biyu suna fita, ba ɗaya ba. Masu zama gaba, ku daina roƙon ta maimaita juyin nan nata."

Na zauna a bakin gado, fil ya shige ni ban ma ji ba. Takun mutum biyu. Wato ba ta iya tashi da kanta ba, sai da aka kama ta.

Saƙon Tatsuro ya shigo a kan rubutun. "Gobe za mu je sayen tsarabar jibi. Mamanki tana cin kayan zaƙi na wake?" Na rubuta masa, "Tana ci. Gobe zan je duba wata ƙawata, ba ta jin daɗi." Ya ce, "Ki gaishe ta. Ki sa abin wuya, akwai iska." Ƙarya ta farko da na yi masa da kaina ke nan, sauran duk na Mama ne nake dakonsu.

Da safe Mama ta tafi gyaran gashi. Na buɗe ƙasan kabad ɗin kicin inda take jera kwalaben ume, 'ya'yan itacen nan masu tsami da take tsumawa a gishiri duk damina. Yaya takan cinye rabin kwalba a zaune har Mama ta bi ta da ludayi. Na ɗauki ɗaya, na naɗe a tawul, na sa a jaka.

Ba zan ɓoye muku ba, a jirgi sau biyu na miƙe zan sauka. Abin da ya riƙe ni, na san hanyar tamkar na taɓa bin ta. Tsohuwar Lema ya riga ya faɗa: ka fita ta ƙofar da ke kallon dutse, ka bi gangaren shagunan busasshen kifi, ka wuce wurin jiƙa ƙafa a ruwan zafi, lungu na gaba da shagon taba. Haka na tarar da komai. Har santsin matakalar yana nan.

Mai tikitin wata mace ce mai jiki, ta kai sittin, da tabarau rataye a wuya da ƙaramin rediyo a gefenta. Ta dube ni sau ɗaya ta ce, "Mata da ragi. Waya a kashe, a jaka. Ba a taɓa kowa. Mene ne wannan?"

"Tsaraba ce. Ta Ruri-san."

Ta warware tawul ɗin, ta juya kwalbar, ta ga babu tambarin shago. Ta turo mini ita.

"Abin gida ba ya shiga, 'yammata. Na shago kawai, a rufe."

Na san dokar nan. Na karanta ta ya fi a ƙirga, Tsohuwar Lema ba ya gama rubutu bai tuna ta ba, saboda an taɓa zuba wa wata abu a abinci. Amma ko sau ɗaya ban taɓa kawowa a raina cewa ni ma ta shafe ni ba. A tunanina doka ce ta baƙi.

"Ai ba komai a ciki," na ce. "Mahaifiyata ce ta yi."

"Kowa ma uwarsa ce ta yi. Ke wace ce tata?"

Akwai maza uku a bayana suna jiran tikiti. Wani tsoho da 'yar ganga mai kacau-kacau a hammata, wani da kwat kamar daga ofis. Bakina ya buɗe, abin da ya fito shi ne, "Mai son rawarta ce."

"To ajiye nan, in kin fito ki ɗauka."

Na zauna hagu kusa da ginshiƙi. Ɗakin bai kai falon asibitinmu biyu ba, yana warin tsohon labule da maganin goge ƙasa. Ba ni kaɗai ce mace ba, akwai wasu 'yammata biyu a gaba da fulawa a cinya. Na yi ta leƙen fuskoki ko zan gane mai Lema. Duk kama suke da mutanen da ke zuwa cire haƙori.

Ba zan siffanta muku abin da ba naku ba. Zan dai ce ta fito cikin farin kimono, doguwar rigarmu ta gargajiya, mai zanen tsuntsaye, gashinta a naɗe, kuma ɗakin ya yi tsit har ina jin ƙarar fitila. Na zo da shirin jin kunya, na ma tanadi inda zan kai idona. Sai ga shi na manta. Hannunta kawai nake kallo, yadda take juya shi tun muna yara a gaban madubin Mama. Masu tafi suna tafi a kan kiɗa, ba mai ihu. Da ta kai ƙarshe, wani mutum daga gefe ya wurgo dogayen zaren ƙyalle masu launi suka buɗe a samanta, ya fizge su suka koma hannunsa kafin ko ɗaya ya taɓa ta. A zaune ta gama, ƙafar hagu a miƙe. Fitila ta mutu. Na kasa kunne, na ji takun mutum biyu.

Bayan wasa akan kunna fitila a yi layin ɗaukar hoto, a nan ne kowa ke samun 'yar dama ya yi mata magana. Na shiga layi. Tana zaune a bakin dandamali cikin wata doguwar riga ja, tana wasa da kowa. "Kai, Malam, ina ka shige? Na ɗauka matarka ta ɗaure ka." Tsohon da ke gabanta ya yi ta dariya yana sosa ƙeya.

Da layi ya zo kaina ta ɗago. Ko gira ba ta motsa ba.

"Sannu da zuwa. Yau kika fara zuwa wurinmu?"

"E."

"Madalla. Mata suna ƙaruwa, muna jin daɗi. Matso a ɗauke mu tare."

Na matsa. Ta dafa kafaɗata, tana murmushi tana kallon kyamara, ta yi magana ta tsakanin haƙora yadda ni kaɗai zan ji.

"Me ya kawo ki, Chii? Wani ya mutu?"

"A'a."

"To tashi ki tafi gida."

Haske ya walƙa. Ta sake ni ta ce da ƙarfi, "Na gode, a sauka lafiya. Na gaba."

Ƙa'idarsu ce, na sani, ba sa nuna sun san kowa daga waje don kada su tona masa asiri. Ni ta rufa wa. Amma na hau matakalar nan ina jin kamar an mare ni, kuma na rasa wa zan ji haushi. Ita ta ce ba ta san ni ba, ni ma ai na riga ta faɗa a bakin ƙofa.

Mai tikiti ta miƙo mini kwalbar ba tare da ta bar sauraron rediyonta ba. Zauren cike yake da masu shan taba kafin wasa na gaba. Na riƙe kwalbar, na kai har bakin ƙofa. Sai na ga ba zan iya mayar da ita ƙasan kabad ɗin nan ba. Ba jarumta ba ce, ku yarda da ni, gajiya ce. Na gaji da dakon kaya.

Na dawo na dire ta a kan teburin.

"Ƙanwarta ce ni. Uwa ɗaya uba ɗaya."

Muryata ta fita fiye da yadda na so. Mai kwat ya juya ya kama karanta takardar bango, tsohon mai ganga ya shiga neman abu a aljihu. Matar ta sa tabarau, ta ƙare mini kallo daga goshi zuwa haɓa.

"Tun ɗazu na ga hancin," ta ce. "Jira nake ki faɗa. Ɗauki kayanki, bi ta nan, ki kula da kanki, ƙofar gajeriya ce."

Ɗakin bayan dandamali a nan suke kwana duk tsawon zamansu. Katifu a naɗe a lungu, tukunyar dafa shinkafa a kan akwati, kayan rawa rataye a igiya tare da safa da tawul. Yaya tana zaune a ƙasa cikin tsohuwar rigar sanyi mai ɗinki a gwiwar hannu, ta ɗora ledar ƙanƙara a kan gwiwarta. Gwiwar ta kumbura ta yi suntum. Kusa da ita sai na ga ta rame, hoda ta kwanta a layukan gefen idonta.

"Uwar ƙofa, wa ya ce ki shigo da ita?"

"Ita ta ce," matar ta amsa, ta ja labule ta tafi.

Na tsuguna na ajiye kwalbar a gabanta. Ta daɗe tana kallon murfin kafin ta buɗe, ta sa yatsu ta ɗauki ɗaya ta jefa a baki. Fuskarta ta tattare gaba ɗaya.

"Har yanzu tsohuwar nan ba ta san an rage cin gishiri a duniya ba."

"Ki ajiye in bai yi miki ba."

"Taɓa ki gani." Ta janye kwalbar ta rungume. Ta ɗauki na biyu. "Ita ta aiko?"

"Sata na yi."

"Na sani. Tambaya dai na yi."

Na nuna gwiwar. "Kin je asibiti?"

"In na gama kwanakin nan. Wa ya gaya miki?"

"Tsohuwar Lema."

Ta yi dariya har ƙanƙarar ta zame. "Ke ma karanta shi kike? Mutumin nan zai kashe ni. Saboda shi mai gidan nan ya gyara fitila, saboda shi 'yammata suka fara zuwa, amma bakinsa ba ya riƙe komai. Na ɓoye ƙafar nan da kyau, kowa ya ce sabon salo ne, shi sai da ya ƙirga taku."

"Da bai ƙirga ba da ban zo ba."

Ta gyara ledar.

Na ba ta labarin Tatsuro, da lemarsa, da zaman gobe, da rigar shuɗiya. Ta ce in nuna mata hoto. Ta kalla ta ce, "Kamar mai karanta labarai. Yana da kirki?" Na ce yana da shi. Ta ce, "Kina son sa?" Na ce ina so. Na faɗa mata zancen Kanada, ina jiran ta fashe da faɗa. Sai ta gyaɗa kai kawai.

"Kanada ta yi. Ki bar ni can."

"Yaya."

"Saurara, Chii. Ni ba kunyar aikina nake ji ba, kin dai gani da idonki. Amma ni na zaɓa, ke ba ki zaɓa ba. Mutanen gona ba za su gane ba, kuma ba dole ne su gane ba. Ki yi aurenki. In kin haihu ki turo hoto, zan zama gwaggon nan ta ƙasar waje mai aiko cakulan."

"Har yaushe? In Mama ta kwanta ciwo fa? In ta mutu, daga filin jirgi za mu ce kin zo?"

"Sai mu ce hakan." Ta kalli agogon bango. "Saura kaɗan in sake hawa. Miƙo mini bandejin can."

Ni na shafa mata man zafi na naɗa mata. Ta nuna mini yadda ake ja, a bi ta ƙasan ƙoƙon gwiwa, sannan a shafa hoda a kai har ya saje da fata. Hannuna yana kan ƙafarta ina jin zafin kumburin. Ta dafa kaina ta miƙe, ta ɗan cije leɓe, sannan fuskar Ruri ta dawo.

"Kada ki ƙara zuwa," ta ce. "Amma kwalbar in ta ƙare zan san yadda zan yi."

Rana ta yi sanyi lokacin da na isa tasha. Na zauna a benci, jakata ba nauyi, hannuna yana warin man zafi. Kowa ya gaya mini abin da zan yi, Mama, Gwaggo, har ita Yayar, kuma karon farko bakinsu ya zo ɗaya. Abu ne mai sauƙi. In sa riga shuɗiya, in ce Kanada, in ci kifi. Sai na hango kaina shekaru masu zuwa a gidan mutumin da bai taɓa yi mini ƙaryar ko ruwan sama ba, ina ɓuya a banɗaki ina karanta rubutun baƙo don in san ko yayata tana iya tafiya. Zuciyata ta ce ba za ta iya ba.

Na kira shi kafin in sake tunani. Bugu biyu ya ɗauka, ina jin ƙarar mota.

"Chinatsu-san, ya jikin ƙawar taki? Yanzu muka..."

"Ka bari in gama, don Allah, in ka katse ni ba zan iya ba. Ba ƙawa na je dubawa ba. Yayata na je gani. Ba ta Kanada, ba ta taɓa zuwa ba, ƙarya muka yi muku."

Sai na ji wani ƙas-ƙas-ƙas na fitilar kwana, wadda mota ke kunnawa in za ta juya.

"Chinatsu-san," ya ce a hankali, "tuƙi nake. Wayar a lasifikar mota take."

Kafin in ce wani abu, muryar mahaifiyarsa ta fito, a natse, irin muryar da take tambayar ko shayi ya yi.

"Barka da yamma, 'yata. Muna jin ki. To in ba ta Kanada, ina take?"

Jirgina yana shigowa. Da zan kashe wayar in ce layi ne ya yanke, da ba wanda zai ƙaryata ni. Na toshe ɗaya kunnen da yatsa.

"Barka da yamma, Mama. Tana garin ruwan zafi, a gidan rawar tuɓe kaya. 'Yar rawa ce, kuma gwana ce. Gobe tana da wasa, shi ya sa ba za ta zo ba."

Ƙofofin jirgin suka buɗe, mutane suka fita, wasu suka shiga, suka rufe. Ban motsa daga bencin ba. A cikin wayar ba abin da nake ji sai fitilar kwanan nan da Tatsuro ya manta bai kashe ba.

Can mahaifiyarsa ta ce, muryarta a natse kamar ɗazu, "Tatsuro, samu gefen titi ka tsaya. Ka ba ni wayar a hannuna."